Kujerar da aka lulluɓe da baƙin ƙyalle: Yadda Wales ta riƙe sunan sojanta makiyayi fiye da shekara 100

A duk ranar 11 ga watan Nuwamba, da misalin ƙarfe 11 na safe, al'amura kan tsaya cik na tsawon minti biyu a Birtaniya domin tunawa da waɗanda suka kwanta dama a fagen fama. A birnin Landan manyan ƙasa kan ajiye furanni a dandalin tunawa da 'yan mazan jiya a ranar Lahadin da ta fi kusa da wannan rana, kuma hotunan wannan biki ne kafafen yaɗa labarai suka fi nuna wa duniya. Sai dai wanda ke son ya fahimci yadda al'umma ke riƙe sunan matattunta, zai fi ƙaruwa idan ya bar Landan ya nufi wani ƙauye mai suna Trawsfynydd da ke cikin tsaunukan arewacin Wales.

A tsakiyar ƙauyen akwai mutum-mutumin tagulla na wani saurayi sanye da kayan kiwo. Ba a sa masa kakin soja ba, ba a kuma riƙa masa bindiga ba, alhali a fagen yaƙi ya mutu. Sunansa Ellis Humphrey Evans, amma da laƙabinsa na waƙa aka fi saninsa, wato Hedd Wyn, wanda a harshen Wales ke nufin salama mai albarka. Kurtun soja ne da bai taɓa samun ko igiya ɗaya ba, kuma a ranar farko da ya shiga babban gumurzu aka kashe shi. Duk da haka, a yau da wuya a sami ɗan makaranta mai jin harshen Wales da bai san labarinsa ba, yayin da sunayen janar-janar da dama na zamaninsa suka shuɗe.

Abin tambaya shi ne, me ya riƙe wannan suna? Amsar ta shafi siyasa da harshe da kuɗi, ta kuma taɓo wata muhawara da har yanzu ba a rufe ba game da sojojin Afirka da suka mutu a wannan yaƙi ƙarƙashin tuta ɗaya da shi.

Daga garke zuwa ramin yaƙi

An haifi Ellis Evans a ranar 13 ga Janairun 1887, kuma shi ne babba a cikin 'ya'ya 11 na wani ƙaramin manomi. Ya tashi a gonar iyalinsa mai suna Yr Ysgwrn, ya bar makaranta yana ɗan shekara 14 ya kama kiwon tumakin mahaifinsa. A can bayan garke ya koya wa kansa rubuta waƙa bisa tsauraran ƙa'idojin waƙar gargajiyar Wales, wadda ke da tsarin amsa-amo da daidaita baƙaƙe a cikin kowane layi.

Mutanen Wales suna da wata tsohuwar al'ada ta gasar waƙa da kiɗa da ake kira Eisteddfod. Ana yin ta a ƙauyuka da garuruwa, sannan a yi ta ƙasa baki ɗaya sau ɗaya a shekara. Babbar kyautar da ake bai wa sha'irin da ya yi fice ita ce kujera ta katako da aka sassaƙa musamman domin bikin wannan shekara. Ellis ya ci kujerarsa ta farko a garin Bala a 1907, ya ci wasu bayanta a ƙananan gasa, sannan a 1916 ya zo na biyu a gasar ƙasa da aka yi a Aberystwyth. Burinsa ɗaya ne, ya zauna a kan kujerar ƙasa.

Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke a 1914, amma Ellis bai kai kansa ba. Ya fito ne daga al'ummar ƙananan majami'u masu zaman kansu waɗanda suka daɗe suna ɗari-ɗari da aikin soja, duk da cewa akwai sansanin horar da sojojin igwa a kusa da ƙauyen nasu. Yaƙin ya raba kan waɗannan majami'u. Wasu limamai, irin su John Williams na Brynsiencyn, sun riƙa hawa mumbari suna kiran matasa su shiga soja, wasu kuwa suka ƙi. A 1916, da masu kai kansu suka yi ƙaranci, Majalisar Birtaniya ta kafa dokar tilasta shiga soja. Hukuma ta ga cewa hannayen da ke aiki a gonar Yr Ysgwrn sun fi abin da take buƙata, don haka dole ɗaya daga cikin 'ya'yan gidan ya tafi. Ellis ya tafi domin a bar ƙanensa Robert.

An ba shi horo a Litherland kusa da Liverpool, aka sa shi a bataliya ta 15 ta rundunar Royal Welch Fusiliers. A farkon 1917 aka sallami sojoji manoma na wasu makonni su je su taimaka da huɗa, kuma a wannan hutu ne ya rubuta mafi yawan doguwar waƙarsa mai suna Yr Arwr, wato Gwarzo. Ya ƙarasa ta a wani ƙauyen Faransa mai suna Fléchin, ya aika da ita gasar ƙasa ta gidan waya a watan Yuli, da sunan ɓoye kamar yadda dokar gasar ta tanada.

Da asubahin ranar 31 ga Yulin 1917 aka fara gumurzu na uku na Ypres a ƙasar Beljiyam, wanda aka fi sani da yaƙin Passchendaele. An ɗora wa runduna ta 38, wadda akasarinta 'yan Wales ne, nauyin ƙwace tudun Pilckem daga hannun Jamusawa. Sun ƙwace shi. Amma a kan hanya ɓarɓashin harsashin igwa ya sami Ellis a ciki, aka ɗauke shi zuwa wurin ba da agajin gaggawa, inda rai ya yi halinsa a ranar. Shekarunsa 30. A wannan yammaci ruwan sama ya kece, ya mayar da filin da igwa ta riga ta farfasa ya zama taɓo mai haɗiye mutum da doki. An ci gaba da gwabzawa har zuwa 10 ga Nuwamba, kowane ɓangare ya yi asarar sama da mutum 200,000 tsakanin matattu da masu rauni da waɗanda suka ɓace, kuma duk ƙasar da aka ci ba ta wuce kimanin kilomita takwas ba.

Ranar da aka kira suna ba a amsa ba

Bayan mako biyar, a ranar 6 ga Satumba, aka yi bikin ba da kujera. A wannan shekara an yi gasar ne a Birkenhead da ke Ingila, inda 'yan Wales masu yawa ke zaune. Firayim Minista David Lloyd George, wanda shi ma ɗan Wales ne mai jin harshen, yana cikin mahalarta. Alƙalai suka bayyana sunan ɓoyen wanda ya yi nasara, aka busa ƙaho, aka nemi ya miƙe. Sau uku ana kira babu wanda ya tashi. Daga nan shugaban majalisar mawaƙa, wanda ake yi wa laƙabi da Dyfed, ya sanar da taron cewa mai waƙar ya faɗi a fagen fama. Aka kawo baƙin ƙyalle aka lulluɓe kujerar. Tun daga ranar ake kiran wannan biki da sunan bikin Baƙar Kujera.

Akwai wani abin lura game da kujerar kanta. Wanda ya sassaƙa ta, Eugeen Vanfleteren, kafinta ne ɗan Beljiyam da yaƙin ya koro zuwa Birtaniya gudun hijira. Ke nan mutumin da ya gudo daga Beljiyam ne ya yi kujerar da aka bai wa mutumin da aka kai Beljiyam ya mutu. An ɗauko ta a jirgin ƙasa, aka ƙarasa da ita gona a keken doki, aka ajiye ta a ɗakin iyayensa. Tana nan a gidan har gobe.

Abubuwa huɗu da suka riƙe sunan

Dubban gidaje a Wales sun karɓi irin wasiƙar da iyayen Ellis suka karɓa. Ƙiyasin da aka fi ambata ya nuna cewa 'yan Wales tsakanin 35,000 zuwa 40,000 ne suka mutu a yaƙin, a ƙasar da mutanenta ba su kai miliyan biyu da rabi ba a lokacin. Idan aka duba da kyau za a ga abubuwa huɗu ne suka haɗu suka hana wannan suna ɓacewa.

Na farko shi ne iyali. Tun daga 1917 baƙi suka fara zuwa gonar domin ganin kujerar, kuma mahaifiyarsa ba ta taɓa mayar da kowa ba. Jikanta Gerald Williams ya yi mata alkawarin cewa ƙofar gidan za ta ci gaba da zama a buɗe, ya kuma cika alkawarin na tsawon gomman shekaru, yana noma yana tarbar baƙi, har zuwa tsufansa. Ya rasu a 2021.

Na biyu shi ne ƙauyen. A 1918 aka tattara waƙoƙinsa aka buga su a littafi mai suna Cerddi'r Bugail, wato Waƙoƙin Makiyayi. Da gudummawar jama'a aka kafa mutum-mutumin nan, wanda mahaifiyarsa ta buɗe a 1923. Kuma da roƙon mutanensa aka ƙara wasu kalmomi na harshen Wales a kan dutsen kabarinsa da ke maƙabartar Artillery Wood kusa da Boezinge, masu nuna cewa wanda ke kwance a nan babban sha'iri ne.

Na uku shi ne harshe. Harshen Wales ya shafe ƙarni guda yana ja da baya a gaban Ingilishi. Ƙidayar 2021 ta nuna masu jin sa kimanin 538,000 ne, ƙasa da kashi 18 cikin 100 na jama'a, kuma gwamnatin Wales ta sa wa kanta burin kai su miliyan ɗaya nan da 2050. Ga al'ummar da ke cikin irin wannan hali, makiyayin da ya rubuta waƙa da harshen uwa aka kashe shi a yaƙin daula ya zama alamar abin da aka rasa. Shi ya sa ake koyar da shi a makarantu. Shi ya sa kuma fim ɗin da aka yi kan rayuwarsa a 1992 ya zama abin alfahari, domin shi ne fim na farko da harshen Wales da ya shiga jerin masu neman kyautar Oscar.

Na huɗu, wanda sau da yawa ake mantawa da shi, shi ne hukuma mai kuɗi da ma'aikata. Alkawarin jika ga kaka yana ƙarewa ne da ƙarewar ran jikan. A 2012 hukumar kula da gandun Snowdonia, wanda yanzu ake kira da sunansa na asali Eryri, ta sayi gonar da tallafin gwamnati da na asusun adana kayan tarihi. Aka gyara gidan, aka gyara kujerar, aka sake buɗe wurin a matsayin gidan tarihi a 2017, daidai lokacin cikar shekara 100. Shi kuwa kabarin, Hukumar Kula da Kaburburan Yaƙi ta Ƙungiyar Ƙasashe Renon Ingila ce ke share shi tana dasa masa furanni.

Wane Hedd Wyn ake tunawa?

Tunawa da mamaci ba ta rasa siyasa. A bukukuwan gwamnati akan ambaci Ellis a cikin jerin waɗanda suka sadaukar da rai domin ƙasa. Amma mutumin bai zaɓi yaƙin ba, kuma gajeriyar waƙarsa da aka fi karantawa a yau, mai suna Rhyfel, wato Yaƙi, kuka ce a kan zamanin da mutum ya ɗora kansa a matsayin da ba nasa ba, aka bar talaka da zubar da jini. Masu adawa da yaƙi a Wales suna ganin nasu ne. Masu kishin 'yancin Wales su ma suna ganin nasu ne, suna cewa Landan ce ta ɗauke shi daga garkensa. Rundunar soja kuwa tana ƙidaya shi cikin 'ya'yanta, kuma ba ta yi ƙarya ba.

Mutanen Trawsfynydd sun yanke nasu hukuncin tun 1923 da suka zaɓi a sassaƙa shi da kayan kiwo. Sun nuna abin da ƙauyen ya rasa, wato ɗa da makiyayi da mawaƙi, suka bar wa gwamnati lissafin tudun da aka ci.

Akwai kuma wata matsala da masana tarihin Wales kan yi nuni da ita. Hasken da ke kan mutum ɗaya yakan jefa saura cikin duhu. Ƙauyen ya rasa wasu samari da dama a yaƙin, kuma ba su bar waƙa ko kujera ba. A maƙabartar da Ellis yake kwance akwai kabarin Francis Ledwidge, mawaƙi ɗan Ireland da aka kashe a rana ɗaya da shi, kuma kaburburan nan biyu ne masu ziyara suka fi nufa, su wuce ɗaruruwan da ke gefensu. Wani ɓangare na amsar wannan ƙorafi shi ne dandalin tunawa da dukan 'yan Wales da aka buɗe a kusa da Langemark a 2014, a kan tudun da suka yi yaƙin.

Waɗanda ba a rubuta sunayensu ba

A nan ne labarin ya iso gida. An kafa hukumar kula da kaburburan yaƙi a 1917 bisa wata ƙa'ida da ta zama abin yabo a lokacin: kowane mamaci za a rubuta sunansa, kuma dutsen janar daidai yake da na kurtu. Wanda ba a ga gawarsa ba a sassaƙa sunansa a bango. A Ƙofar Menin da ke Ypres akwai sunaye sama da 54,000 na irin waɗannan, kuma tun 1928 ake busa begila a wurin kowane dare da ƙarfe takwas, in ban da shekarun da Jamus ta mamaye garin a yaƙi na biyu. A yau hukumar na kula da sunayen mutum kimanin miliyan 1.7 a ƙasashe sama da 150.

Amma a wannan yaƙi da ya ci Ellis, sojojin rundunar Najeriya, waɗanda da yawansu daga Arewa aka ɗebo su, sun yi yaƙi da Jamusawa a Kamaru daga 1914 zuwa 1916, a wurare irin su Garwa da dutsen Mora, daga baya aka kai su Gabashin Afirka. Bayansu kuma akwai dubban 'yan dako da ke ɗaukar harsashi da abinci a ka, waɗanda cuta da yunwa suka fi kashewa. Ƙa'idar daidaito ba ta kai kansu ba.

A watan Afrilun 2021 wani kwamitin bincike da hukumar ta kafa da kanta ya fitar da rahoto. Ya gano cewa mutum tsakanin 45,000 zuwa 54,000, akasarinsu 'yan Afirka da Indiya, ba a karrama su daidai da Turawa ba. Ya kuma gano cewa aƙalla mutum 116,000, mai yiwuwa har 350,000, ba a rubuta sunayensu ba, ko ma ba a tuna da su ta kowace hanya ba. Rahoton ya ce wariyar launin fata ta zamanin mulkin mallaka na cikin dalilan, ya kuma kawo misalin gwamnan Gold Coast, Ghana ta yanzu, wanda a 1923 ya nuna cewa talakan ƙasar ba zai san darajar dutsen kabari ba. A shekarar ce kuwa mahaifiyar Ellis ke buɗe mutum-mutumin ɗanta. Sakataren tsaron Birtaniya na lokacin, Ben Wallace, ya nemi afuwa a gaban majalisa. Tun daga nan hukumar ta shiga binciken tsofaffin takardu, kuma a Janairun 2025 ta buɗe wani dandali a Cape Town mai ɗauke da sunayen ma'aikatan soja baƙaƙen fata sama da 1,700 na Afirka ta Kudu.

Neman afuwa abu ne mai kyau, amma sunan da ba a rubuta a 1918 ba da wuya a same shi yanzu. Kaɗan ne daga cikin mutanenmu na wancan zamani sunansu ya tsira, irin su Chari Maigumeri, wanda barikin soja na Lokoja ke ɗauke da sunansa. Sauran sun tafi da sunayensu.

Abin da ya rage a hannunmu

Laifin Turawan mulkin mallaka a bayyane yake. Sai dai yau shekara sama da 60 ke nan da littafin rajista ya dawo hannunmu. Najeriya ta mayar da ranar tunawa da 'yan mazan jiya daga 11 ga Nuwamba zuwa 15 ga Janairu domin ta dace da ranar da aka kawo ƙarshen yaƙin basasa a 1970. Kowace shekara ana ajiye furanni, a saki tattabaru, a yi jawabi a kan sojan da ba a san sunansa ba. Tun 2009 kuma sojoji ke mutuwa a Arewa maso Gabas, daga baya aka ƙara da dazukan Arewa maso Yamma.

Mun ga cewa idan an so ana iyawa. Lokacin da aka kashe Laftanar Kanar Muhammad Abu Ali a Malam Fatori a Nuwamban 2016, ƙasa ta san sunansa da fuskarsa. Da aka kashe sojoji 17 a Okuama ta Jihar Delta a Maris ɗin 2024, rundunar soja ta fitar da sunayensu da hotunansu, Shugaba Bola Tinubu ya halarci jana'izarsu a maƙabartar sojoji ta Abuja, aka kuma sanar da lambobin girma da gidaje da tallafin karatu ga iyalansu. Abin da ya kamata a tambaya shi ne, me ya hana wannan ya zama ƙa'ida ga kowane kurtu da ya faɗi a kowane daji, ko da kyamara ba ta je wurin ba?

Ba sai an kafa mutum-mutumi ba, domin al'adar yawancin mutanenmu ba ta ɗauki wannan ba. Abin da labarin Trawsfynydd ya nuna ya fi tagulla sauƙi. Rajista ce buɗaɗɗiya da kowa zai iya dubawa, mai ɗauke da sunan kowane soja da garinsu da ranar da ya rasu da inda aka binne shi. Ƙaramar hukuma ce da za ta san 'ya'yanta da suka mutu a bakin aiki, ta rubuta sunayensu a allo a sakatariya ko a makarantar da suka yi. Sannan hakkin matar mamaci da marayunsa ya fito a kan lokaci, ba tare da ta ƙarar da takalmi a ofisoshi ba. Ma'aikacin gwamnati da fayil ke bi ta teburinsa da ɗan kasuwar da ake zuwa wurinsa neman gudummawa, kowannensu yana da hannu a wannan aiki.

Iyalin Ellis Evans ba masu kuɗi ba ne, ƙauyensu kuma ƙarami ne. Abin da suka yi shi ne sun ajiye kujerar, sun bar ƙofa a buɗe, sun ci gaba da faɗin sunan har hukuma ta zo ta karɓi nauyin. A garuruwanmu akwai gidajen da aka kawo musu jakar ɗansu da kakinsa, kuma iyayen suna nan da ransu, suna iya faɗin sunansa da ranar da ya tafi. Rubuta waɗannan sunaye yanzu, tun masu tunawa da su ba su ƙare ba, ya fi a jira wani kwamiti ya zo neman su bayan shekara 100.